Zuwa Masar da kakanni a watan Yuli

Ka tambaya ko za ka iya kai su Kaka yawon buɗe ido Masar a watan Yuli. Za ka iya, amma in da hali ka ɗage zuwa Disamba ko Janairu. Zafin Alƙahira a Yuli yakan kai digiri 35 har ya wuce, wajen dalar Giza kuma fili ne fetal, babu inuwa.

Da na je da kakata, gwiwa ce ta fi damunta. Kada ka bari su shiga cikin babbar dalar Khufu, hanyar tana da ƙunci, a duƙe ake hawa. Ku riƙa fita da sassafe, wuri ɗaya a rana. Masallacin Azhar da na Husaini kuwa suna kusa da juna, sai ku haɗa su rana guda.