Amsar Tambayar Kawu: Me Muke Nema a Dajin Turawa?

Assalamu alaikum Kawu, barkanku da war haka. Ya jiki, ya iyali, ya mutanen Tudun Wada? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Saƙon muryar da kuka aiko ya iso. Maman yara ta ce lallai in zauna in ba ku amsa a rubuce, kada in tsaya ga "ba komai, Kawu" irin ta waya. Kun ce kun ga hotunanmu a kan tsauni, mata da yara cikin taɓo har idon sawu, ga kare a gefen takwaranku, kuka tambaya shin mota ce ta mutu mana, ko kuwa zaman Turai ne ya fara taɓa mu. Ban ga laifin tambayar ba. A Kaduna in aka ga mai mota yana taka sayyada a bayan gari, ba gona ba fatauci, addu'a za a fara yi masa.

Tafiyar da kuke yi kullum ba tare da kun lissafa ta ba, mu nan babu ita a rayuwarmu. Ku masallaci sau biyar a ƙafa, ga dubiya, ga jana'iza, ga ɗaurin aure, ga leƙa Kasuwar Barci. Mu a Manchesta daga ɗaki sai mota ko bas, daga nan sai kujerar aiki. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, ta kuma faɗi kafin ƙarfe 4, mutum ya fita da duhu ya dawo da duhu. Gidan ba tsakar gida, ba zaure, ba dakalin da za a zauna a ƙofa a ga masu wucewa. Shekara kaɗan sai a ga tumbi ya fito, likita ya fara maganar hawan jini da suga, ga wani ƙunci da yake kama mutane a hunturu wanda mutanenmu ba sa son ambata, musamman matan da ke wuni su kaɗai da jarirai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma tafiya da ɗan sauri tana ciki. Abin da ku kuke samu kyauta, mu sai mun ware masa rana. Hasken ranar ma rowa gare shi, daga Oktoba zuwa Maris ba ya isar jiki ya haɗa bitamin D, shi ya sa likitocin nan suke cewa mu masu baƙar fata mu riƙa shan ƙwayarsa duk shekara.

Yadda muke yi kuwa, iyalai ne 'yan kaɗan, akwai 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, akwai Hausawan zangon Kumasi. Ranar Asabar ko Lahadi mu shiga jirgin ƙasa zuwa wani ƙauye, Edale, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Kowa da rigar ruwa da takalmi mai kauri, domin sama a nan ba ta da alkawari. Mata kan zo da dafa-duka da fanke da dambun naman da suka yi a gida, maza su ɗauki filas ɗin shayi da darduma mai bayan leda. Alwala daga gida ake ɗaura ta a yi ta lallaɓawa, don ruwan rafin yanka hannu yake yi. A hunturu azahar da la'asar da magariba duk suna matse tsakanin tsakar rana da ƙarfe 4, saboda haka babu tafiyar da salla ba ta riskar mu a hanya. Sai a duba alƙibla a waya, a samu gefen katangar duwatsu inda iska ba ta dukan mutum, a tayar.

Amma in don lafiyar jiki kaɗai ne, da gidan motsa jiki ya ishe ni. Abin da ya riƙe ni a wannan tafiya yara ne. Kun san tarbiyyarmu, ɗa ba ya zama ya kalli idon uba ya faɗi abin da ke ransa, ni ma in na zaunar da babban a falo na ce "faɗa mini damuwarka", amsar ita ce "ba komai, Baba." A hanya kuwa ba a fuskantar juna, kafaɗa da kafaɗa ake tafiya, ido yana kan inda za a sa ƙafa, a wasu kwaruruwan ma waya ba ta samun sabis. Bayan awa guda sai baki ya buɗe da kansa. A irin wannan tafiya na ji labarin yaron da ke tsokanarsa a makaranta saboda azumi, a nan kuma ƙanwarsa ta fara gaya wa uwarta abin da take son karanta. Mun kafa doka cewa daga tashar jirgi har a dawo Hausa za a yi. Suna karya ta, ana yi musu dariya, amma yanzu takwaranku ya san garke da kwari da tunkiya da ɗan maraƙi, ya kuma san yadda ake gaida babba, tunda tsofaffin tawagar ba sa barin yaro ya wuce su haka kawai.

Kun tambaya ko gonakin da muke ratsawa ba su da masu su. Suna da su, Kawu, kuma wani lokaci ta tsakiyar garken mutum ake bi. Ku ɗauke shi kamar burtali, sai dai wannan na mutane ne, an zana shi a taswirar hukuma, kuma manomi ba shi da ikon toshe shi ko haɗe shi da gonarsa. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai kusan mil 140,000, da alamun kibiya a jikin turaku da 'yan matakalai na tsallake shinge. Tsaunukan kuwa ba a sama talaka ya same su ba. Da can masu ƙasa sun killace su don harbin wani tsuntsu mai kama da fakara, an zuba masu gadi da sanduna. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan ma'aikata, yawancinsu daga masaƙu da masana'antun Manchesta, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum 5. Ɗaurin ya jawo musu goyon bayan jama'a. A 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa, a 1951 yankin Peak District, inda Edale take, ya zama na farko, sai a shekarar 2000 aka ba kowa 'yancin yawo a buɗaɗɗun tsaunuka ko babu hanya. Duk lokacin da na tsallake shingen wani ba tare da ya ɗaga mini murya ba, nakan tuna burtalolin da aka nome a ƙasarmu da jinin da hakan ya jawo.

Batun tsoro, babu kura babu zaki, macijin da ke da dafi iri ɗaya ne tak kuma da wuya ya yi kisa. Babu mai tare hanya ya ce a kawo kuɗin fansa. Abin tsoron shi ne hazo ya sauko mutum ya ɓata, ko sanyi ya kama wanda ya jiƙe, ko saniya mai sabon ɗa. Kallo kam ana sha, ba kullum ake ganin mace da hijabi a kan tsauni ba, amma yawancin waɗanda ake haɗuwa da su gaisuwa suke yi, har sun fi na cikin gari sakin fuska. Akwai marasa kirki. A Kirsimetin 2021 wata ƙungiyar Musulmi masu hawan tsauni ta hau Mam Tor, nan kusa da Edale, da hotunan suka fita wasu suka yi ta zaginsu a intanet. Ba su fasa ba, mu ma ba mu fasa ba.

To, sai maganar kare, wadda na ji muryarku ta sauya da kuka zo kanta. Ba namu ba ne. Na wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu da gwiwa ta hana ta fita, ita ce kuma take karɓar mana saƙo in ba ma gida, take leƙa yara in uwarsu ta makara. Ta roƙa ko za mu riƙa tafiya da shi, na ga haƙƙin maƙwabtaka ya fi ƙarfin in ce a'a.

Ba zan koya wa malam karatu ba, a gabanku muka ji cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne, ba don ƙazanta ba. A nan na ga amfanin wannan karatu, domin abokanmu 'yan Somaliya Shafi'awa ne, in kare ya shinshini wandonsu sallarsu ta shiga matsala, 'yan Pakistan Hanafawa su ma suna ɗaukar yawunsa najasa. A ƙasar da kusan kowane lungu akwai kare, wannan ba ƙaramin takura ba ne. Amma ban manta ɗaya ɓangaren ba: hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ladansa na raguwa kullum, da wanda ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da yake. Iyakarmu ke nan. A waje yara su riƙe igiyarsa, su jefa masa ƙwallo, su ba shi ruwa. Ba ya shiga gidanmu, ba ya lasar fuskar kowa, ba ya zuwa kusa da darduma ko abinci, a wanke hannu kafin a ci. A cikin jama'armu akwai waɗanda ko hakan ba su yarda da shi ba, in za a zo da kare ba sa zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Akwai gida ɗaya da suka ajiye nasu a ɗan ɗaki a bayan gida, ana ta muhawara da su har yau. Ni ra'ayina, kwana da kare a gado da kiransa ɗa, irin yadda wasu Turawa ke yi, wuce gona da iri ne, musamman in na ga iyayen mai karen suna gidan tsofaffi ba mai leƙa su.

Sai dai tsoron da muka taso da shi rabinsa ba fiƙihu ba ne, ciwon haukan kare ne, kuma tsoro ne mai dalili. Nan an kawar da ciwon daga karnukan ƙasar tun 1922. Tun 2016 dole ne kowane kare ya kasance da ɗan ƙanƙanin abu a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanin mai shi. Wanda karensa ya yi kashi a hanya da leda zai kwashe, in ba haka ba tara. A buɗaɗɗun tsaunuka, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli, sai an riƙe shi da gajeriyar igiya saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kusa da dabbobi kuwa kowane lokaci, kuma in ya far wa tumaki manomi na iya harbe shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne in shanu suka taso wa mutum, shawarar ita ce ya saki igiyar, kare zai tsere, shanun kuma shi suke nema. Amfaninsa a tafiya ba zan ɓoye ba: yaron da zai ce ya gaji bayan mil ɗaya, in igiya na hannunsa sai ya yi biyar bai sani ba. Karnukan kiwon da ke tattaro tumaki daga tsauni da fito kawai, da mafarautanmu sun gan su da sun jinjina.

Ban ce ku kwaikwaye mu ba. Wanda ya san abin da ya faru da ɗaliban Afaka a 2021, da jirgin ƙasan Abuja a Maris na 2022, ba zai ce wa kowa ya kwashi iyali ya nufi dajin Kamuku shan iska ba. Amma Inna ta gaya mini tun da kuka yi ritaya sai a mota kuke zuwa ko'ina, kuma awon jinin na watan jiya bai yi daɗi ba. Mutane suna zagaya Dandalin Murtala bayan asuba, har da sa'anninku. A sa yaro ya riƙa sauke ku can, ku fara da minti 20, in likita ya amince a riƙa ƙarawa. Akwai mai zuwa Kaduna ƙarshen wata, zan ba shi takalmin tafiya ya kawo muku, sai a turo mini lambar da kuke sawa. A gaida Inna da su Gwaggo, maman yara da jikokinku suna gaisuwa.