Amsa ga yarona a kan Mercedes SL da ke kwana a durƙushe

Ka tambaye ni dalilin da ya sa Mercedes SL 500 ɗin da aka kawo muku take wayar gari da ƙafar baya ta hagu a ƙasa, alhali da zarar an tayar da inji sai ta miƙe, kuma ka ce tun da kwamfuta ta ambaci wannan ƙafar, kana neman izinina a sayo sabuwar shokazoba. Ban ba ka izini ba, yaro, kuma da ka yi tunani kaɗan kafin ka jona kwamfuta, da ba ka nemi izinin ba. Ku 'yan yanzu kun ɗauka lambar da ta fito a allo ita ce sunan kayan da za a sayo, alhali ita tana nuna inda ciwon ya bayyana ne kawai, gano tushensa kuwa aikin bakanike ne.

Wannan mota ba ta tafiya a kan iska irin ta Airmatic. Tsarinta shi ne ABC (Active Body Control), wato tsarin da ke ɗaga jikin mota da daidaita shi, wanda kamfanin Mercedes ya fara sanyawa a motarsa samfurin CL a 1999, sannan ya shigo SL a 2001, kuma da mai yake aiki. Kowace ƙafa tana da sifirin na ƙarfe, a samansa kuma akwai silinda wadda mai yake shiga ya ɗaga motar ko ya fita ya sauke ta. Famfon da bel yake juyawa, wanda jikinsa ɗaya da na sitiyari, yana tura man da ƙarfin da ya kai kusan bar 200 zuwa akwatunan bawul guda biyu, na gaba da na baya. A cikin akwatin kowace ƙafa tana da bawul mai sarrafa shiga da fitar mai, da wani mai kulle hanya idan an kashe inji, domin motar ta kwana a tsayin da aka bar ta.

Idan inji yana kashe, famfo ba ya juyawa, kwamfutar mota ba ta ba da umarni, sansar tsayi kuma ba ta da ta cewa, saboda haka motar da ta sauka cikin dare mai ne ya gudu daga ƙafarta, kuma hanya biyu ce kawai yake da ita. Ko dai ya zuba waje, wanda za ka ga jikin shokazobar ya jiƙe kuma man tanki yana raguwa, ko kuma ya koma baya ta bawul ɗin kulle saboda robarsa ta cinye ko datti ya hana shi rufuwa. Idan ƙafar a bushe take, to akwatin bawul na baya za ka kwance, kuma sau da yawa wanki da sababbin robobi sun wadatar. Da a ce motar tana tsayawa a karkace ne alhali inji yana aiki, sai in ce ka duba sansar tsayi da ɗan sandan da ya haɗa ta da hannun ƙafa, domin ramukan hanyoyinmu suna lanƙwasa shi ko su cire shi, sansar ta riƙa yi wa kwamfuta ƙarya. Ba zan ɓata lokaci a kan iskar taya da fis da neman shimfiɗaɗɗen wuri kafin awo ba. Wanda bai san waɗannan ba, wankin kaya ya kamata ya ci gaba da yi.

Amma kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya, ka buɗe tankin man ABC a gaban mai motar ka nuna masa launinsa. Man da aka yi wa tsarin shi ne Pentosin CHF 11S, kore ne idan sabo ne, yana komawa ruwan ƙasa ko baƙi idan ya tsufa. Wannan magana ba a littafi na karanta ta ba, da kuɗina na saye ta.

Wani ɗan kasuwa da muke sahu ɗaya a masallacin Juma'a ya taɓa kawo mini SL 55 AMG wadda gabanta yake sauka. Na duba na tarar akwatin bawul na gaba ya wuce gyara, man kuma ya yi baƙi ƙirin. Na faɗa masa abin da za a saya, ya ce in yi da kuɗina, shi kayansa suna kan ruwa, da sun iso zai biya har da tukuici. Mutum mai irin wannan mota, ga furfura, ga carbi a hannu, wa zai ce masa sai ya ajiye kafin alƙalami? Na ɗauki kuɗin da nake tarawa na kayan ɗakin 'yata, na aika kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas aka kawo akwatin da filta da gwangwanayen mai, na wanke tsarin gaba ɗaya har man da ke dawowa ya fito kore shar. Na kuma nuna masa wani tiyo da ya fara gumi, na ce a canza shi tun yanzu, ya ce a bari sai an ga hali. Motar ta fita tana tsaye daram, aka yi mini alkawarin bayan Sallah.

Bayan Sallah kuwa motar ce ta dawo, a bayan babbar mota, cikinta yana shafar ƙasa. Tiyon nan ya fashe musu a hanya shi da direbansa, jan gargaɗi ya fito a dashbod, maimakon su tsaya sai suka sayi jan man giya a bakin titi suka ɗura, suka ci gaba da gudu yana zuba, har famfon ya juya a bushe ya mutu. Da na buɗe tanki na ga ja, sai mutumin nan ya dube ni ba ko kunya ya ce ai ni na zuba shi, na karɓi kuɗin mai tsada na sa masa mai araha, alhali ko sisinsa bai shiga hannuna ba. Maganar ta kai gaban shugabannin ƙungiyarmu ta bakanikai, aka ce in kawo shaida, yaron da ke wurina a lokacin kuwa, mai kai irin naka, ya riga ya sayar wa 'yan gwangwan da gwangwanayen da babu komai a ciki. Aka yi abin da ake kira sulhu, wato in yafe kuɗina kuma in kawo famfo daga aljihuna. Daga baya, da ya kori direbansa, direban ya zo har gareji ya shaida mini cewa maigidan da bakinsa ya aike shi sayen man. Har yau muna haɗuwa, yana miƙo mini hannu, ina karɓa saboda Musulunci, amma ban yafe ba, kuma auren yarinyar nan da bashi na yi shi.

Saboda haka ka ɗauki hoton launin man da wayar nan da ba ka rabuwa da ita, ta yi amfani ko sau ɗaya, kuma kada a sayo komai sai kuɗin mai mota ya shiga hannu. Sannan ka tambaye shi ko jan gargaɗi yana fito masa idan ya taka tudun rage gudu, kuma ka duba ko mai yana ambaliya ta murfin tanki bayan an kashe inji. Idan haka ne, ɗaya daga cikin ƙwallayen nan masu iskar naitirojin da ke ajiye ƙarfin mai ta fashe, kuma barin ta yana gajiyar da famfo da tiyo. Idan kuwa lambobi sun fito rututu babu kai babu gindi bayan motar ta daɗe a ajiye, ka fara auna batir, ka kuma tuna cewa guda biyu ne a wannan mota, na tayarwa a gaba, na sauran kayan wuta a but.

In ka kwance akwatin bawul, ka bari ƙarfin man ya sauka tukuna, kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta ba tare da ka tokare ta da ƙarfe ba, domin da ka sassauta bututu za ta iya zubowa kanka. Bayan ka mayar, ka sa sabon filta, ka cika da koren mai, ka yi mata gwajin girgiza da ke cikin kwamfutar STAR, wato ta binciken motocin Mercedes, don iska ta fita kana lura kada tanki ya ƙafe, sannan ka auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin madigadi da yamma, ka sake aunawa da safe kafin kowa ya taɓa makulli, ka kawo mini lambobin a rubuce.