Tukunyar zoɓon masallacinmu da tambarin da muka kankare

Auta, saƙonki ya same ni bayan isha'i. Kin ce kin ga bidiyon da aka turo gida, mu uku a ɗakin ƙasa na masallaci mun duƙufa a kan sabuwar tukunya, kika tambaya: "Yaya, wai sabon abu ake cuɗa haka? Ai ko kayan amarya ba a ɓare musu takarda." Tambayar ta yi ma'ana, don ni ma da wannan tunanin na sauka unguwar Bronx ta birnin New York shekara ashirin da suka wuce.

A gida sitika shaida ce. Ranar jere 'yan ganin ɗaki suna duba firiji da kuloli da tukwane, takardar kamfani da ke jiki ita ce ke faɗa musu uba sabo ya saya wa 'yarsa, ba na hannu ba. Ban raina wannan ba ko kaɗan, naki ma da hannuna na jera su da takardunsu. Amma tukunyar da kika gani daban take, sai kin san asalinta za ki gane.

A Amurka mutane da yawa suna dafa giya a gidajensu. Tun 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da damar haka, shi ya sa kamfanoni suka ƙware wajen ƙera musu manyan tukwanen silba, wato ƙarfen nan da ba ya tsatsa, masu kaurin gindi, da famfo a ƙasa, da ma'aunin zafi a gefe, da layukan awo a ciki. Tamu galan 15 ce, wajen lita 57. Mutanenmu na zangon Kumasi da Nima a Ghana ne suka fara gano cewa babu abin da ya kai ta dacewa da zoɓo, wanda su suke kira sobolo. Zoɓo da tsamiya suna da tsami, suna cin tukunyar sanholo har abin sha ya ɗauko ɗanɗanon ƙarfe, silba kuwa ko a jikinta. Ga famfon kuma: a azumi idan za a shayar da mutum ɗari biyu, babu mai ɗaga tukunyar zafi, babu moɗar da hannu goma suka taɓa. A tace, a buɗe famfo, a cika kofuna.

Na san abin da zai zo miki a rai, don ya zo wa kowa. Tamu sabuwa ce daga kwali, ba ta taɓa hawa wuta ba. Ko a wurin masu giyar ma, ruwan sha'ir mai zaƙi kawai ake tafasawa a cikinta, a wani mazubi daban yake kwana ya zama abin maye. Limaminmu kuma ya karanto mana hadisin Abu Sa'alaba kan kwanukan Ahlul Kitabi, cewa idan ba a sami wasu ba a wanke a ci a ciki. Ta fuskar hukunci hankalinmu a kwance yake.

Abin da ya rage shi ne idon mutane. A gaban tukunyar an buga sunan kamfani da hoton kofin giya mai kumfa, faɗin tafin hannu. Yaranmu nan aka haife su, Turanci suke karantawa kafin su iya Hausa sosai. Yarinya 'yar shekara bakwai ta tsaya a layin buɗa-baki tana karanta abin da ke jikin tukunya, me za a ce mata? Ko baƙon da ya shigo daga Yamai jiya, bai san labarin ba, ya karɓi kofi zuciyarsa tana ɗar-ɗar. Bai kamata mai azumi ya sha ruwa da kokwanto ba, kuma ba za mu tsaya muna yi wa kowa bayani ɗaya bayan ɗaya ba. Cire tambarin ya fi sauƙi.

Akwai kuma dalilin da bai shafi addini ba. Gam ɗin sitika idan ya sha wuta sau ɗaya sai ya ƙone ya daskare ya zama baƙin tabo mai kama ƙura da maiƙo. Wadda ake mannawa a gindin tukunya ita ta fi sharri, tana hawa murhun gas za ta yi hayaƙi, gidajen nan kuma kowanne da ƙararrawar hayaƙi a silin. Don haka tun kafin tukunya ta ga wuta ake raba ta da takarda.

Yadda muke yi kuwa, sai an fara gane irin tambarin, don ba duka ɗaya ba ne. Idan sitika ce, a hura mata zafi da na'urar busar da gashi kamar minti ɗaya, gam ya yi laushi, a ɗaga gefe da farce ko tsohon katin roba a ja a hankali. Kada a sa wuƙa ko reza. Danƙon da ya saura a shafa masa man gyaɗa, a bar shi ya jiƙa kamar kwatan awa, a goge da tsumma, sannan a bi da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. Wanda ya yi taurin kai sifirit yana ɗauke shi. Akwai magungunan kanti na cire gam, amma mu mun fi son mai, tunda abinci za a dafa.

Idan da tawada aka buga tambarin, irin wanda za ki ji ɗan tudunsa da yatsa, asiton ne maganinsa, wato ruwan goge jan farce. A jiƙa auduga a ɗora a kai, a ɗan jira, a murza. Namu a karo na uku ya fita tas. A buɗe taga, kuma a yi nesa da murhu, don abin yana kama wuta nan da nan.

Na uku shi ne wanda aka zana cikin ƙarfen kansa, da hasken leza ko da lantarki. Wannan ba ya wankuwa, sai dai a ci fuskar ƙarfen. Akwai ƙaramin irinsa kusa da mariƙin tamu, suna ne kawai babu hoto, muka bar shi. Layukan awon da ke ciki ma haka aka yi su, kuma su muna buƙatarsu.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe, don ya shafi tukwanenki na silba. Wannan ƙarfen ba ya tsatsa ne saboda kuromiyam da aka gauraya a ciki. Irin wanda ake rubuta wa 304 ko 18/8 yana da kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Kuromiyam ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ce ke tsare ƙarfen. Soson ƙarfe na gama-gari yana karce wannan fatar, ya kuma bar ɓurɓushinsa a jiki, ɓurɓushin ne ke tsatsa. Tukunyarmu ta farko haka aka yi mata, da kyakkyawar niyya, wata baiwar Allah ta dirje ta yadda muka saba dirje tukunya da toka da yashi a gida. Bayan kwana biyu jajayen ɗigo suka feso ko'ina. Bilic ma haka, sinadarin da ke cikinsa yana huda silba ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa, kada ki kuskura ki jiƙa tukunya a ciki.

Abin da ya ceto waccan tukunyar wani gari ne da ake kira Bar Keepers Friend. A kwaɓa shi da ruwa, a goga da soso mai laushi ana bin layin da ƙarfen ya zo da shi, ba a zagaye ba, a ɗauraye sosai, a shanya ta kwana ɗaya ko biyu fatar ta koma da kanta. Idan babu shi a wurinku, ruwan lemon tsami yana taimakawa ga ƙaramin tabo. Cikin sabuwar tukunya ma sai an wanke da sabulu har farin tsumma ya daina ɗauko baƙi, don da man inji take fitowa daga masana'anta. Famfon kuma a kwance shi a wanke, nan zaƙin zoɓo ke maƙalewa.

Da muka gama sai muka sa mata tamu alamar. Tukunyar ta jama'a ce, kuɗi muka haɗa, yau tana gidan suna gobe tana wurin walima, wani lokaci har Harlem ake aronta. Kin tuna yadda Inna take ɗiga jan farce a gindin kwanukanta kafin a kai gidan biki? Haka muka yi, ɗigo uku a kan kowane mariƙi da kan murfi, inda wuta ba ta kaiwa.

Idan kin sami mai zuwa kafin azumi, ki aiko mini da zoɓo baƙi na Dawanau da kanumfari. Wanda muke samu a shagunan mutanen Meziko yana da kyau, amma bai kai namu duhu ba. Ki gaishe da Inna da yara.