Amsa ga 'yar'uwar da ƙanwarta ta ƙi zuwa asibitin unguwa

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki ta daina karɓar maganin ƙanjamau a ƙaramin asibitin unguwarku saboda tsoron idon mutane. Kada ki ga laifinta. A Sakkwato kowa ya san kowa. Na taɓa raka wata makwabciyata irin wannan asibiti, ma'aikaciya ta ɗaga murya ta kira ta da "mai karɓar maganin nan" gaban mata cike da benci. Ko sallama ba mu yi ba muka fito.

Amma barin magani shi ne haɗarin, domin ƙwayar cutar na iya daina jin sa. Ba dole ba ne ta karɓa a unguwarku. Ta nemi takardar sauya asibiti, ta koma inda ba a san ta ba, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Maganin kyauta ne, kuma idan jikinta ya daidaita ana iya ba ta na wata uku a lokaci guda, zirga-zirga ta ragu.

Akwai kuma dokar 2014 da ta haramta nuna wa masu cutar wariya, har da tona asirinsu. Ranar farko ki raka ta da kanki.