Wasiƙar Hannu Ga Mai Fama Da Damuwa

Tambaya: Tun da yayata ta fita takaba a nan Daura ta daina shiga mutane, ko waya ba ta ɗauka. Shin rubuta mata wasiƙa zai yi amfani?

Amsa: Zai yi, 'yar'uwa, domin wasiƙa ba ta tilasta mata amsawa nan take, kuma za ta iya sake karanta ta duk daren da tunani ya hana ta sukuni. Ki rubuta da hannunki, ko da ajami ne, ki tuna mata wani alherin da ta taɓa yi miki, ki rage nasiha. Ki kai mata da kanki tare da ƙwaryar fura. Idan rashin barci da ƙin abinci suka wuce mako 2, ki raka ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.