IgE kaɗai ba zai gaya miki magani zai tayar da borin jini ba

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambaya ko auna IgE, sinadarin garkuwar jiki da ke da hannu a borin jini, da ƙirga fararen ƙwayoyin jini na iyosinofil a ɓerayen gwaji nau'in Wistar ya isa a gane ko sabon magani zai tayar wa mutum da borin jini. Na yi irin wannan aikin lokacin digirina na biyu, kuma na sha wuya, don haka ki bari in faɗa miki abin da na gani.

Kwana 28 ina ɗura wa ɓerayena magani, na ɗebi jini, IgE bai motsa ba. Na yi murna, har na fara rubuta cewa maganin ba shi da illa. Malamina ne ya tare ni da tambaya ɗaya: wane irin ɓera ka yi amfani da shi?

Nan gizo ke saƙa. Dubi nebirafin, maganin ƙanjamau da aka daɗe ana bayarwa a asibitocinmu, wanda kowa ya san yana fesa wa wasu ƙuraje. A 2003 masu bincike a Toronto, ƙarƙashin Jack Uetrecht, suka nuna cewa matan ɓerayen Brown Norway suna yin ƙurajen nan bayan sati biyu zuwa uku, kunnuwansu su fara yin ja tukuna. Mazan wasu nau'o'in kuwa ko gezau. Kuma abin da ke haddasa shi ƙwayoyin T ne, wasu fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, ba IgE ba. Da IgE kawai suka auna, da sun ce lafiya lau.

Ko a borin da ke tashi nan take, ɓera yana da wata hanya ta IgG, wani sinadarin garkuwar daban, da ba ta bi ta IgE. Wasu magungunan ma, irin su sifrofuloksasin, kai tsaye suke taɓa ƙwayoyin garkuwa na mast su zubar da histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi ba ni ciwo. Histamin mintoci kaɗan yake yi a jini ya ɓace, ni kuwa sai washegari nake ɗiba. Ki ɗiba cikin minti goman farko, ki sa a ƙanƙara nan take. Ki kuma tanadi inda za ki kai samfur idan an ɗauke wuta, domin na taɓa rasa na wata guda a firjin da ya narke.

Da ni ne yau, zan haɗa da auna kumburin kaluluwar bayan gwiwa bayan allura a tafin ƙafar ɓera, in duba fatar kunne kullum, in auna zafin jiki, don saukarsa alama ce mai ƙarfi. In akwai kuɗi, a ƙara auna IL-4 da intaferon gama, sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke aika saƙo da su.

Amma don Allah kada ki rubuta "ba ya jawo borin jini ga mutum". A 2006 a Landan, maganin TGN1412 ya kwantar da mutum shida a sashen kulawa ta musamman, alhali an ba birai ninkin abin da aka ba mutanen sau 500 ba abin da ya same su. Borin abakabir kuma, wani maganin ƙanjamau, sai mai ɗauke da ƙwayar gado ta HLA-B*57:01 yake kamawa, abin da ɓeranki ba shi da shi sam. Ki rubuta iyakar abin da kika gani a wannan nau'in, a wannan adadin magani, cikin waɗannan kwanaki.

Turo min jadawalin ɗiban jininki in duba miki kafin ki sayi kayan gwajin, suna da tsada. Allah ya ba da sa'a.