Mastik ɗin katako ya daskare a gwangwani: a jefar ko akwai dabara?

Wani kafinta daga unguwar Zariya, nan Maraɗi, ya aiko yana cewa: "Da damina na sayi babban gwangwanin mastik na cike ramin ƙusa da tsagar katako. Ko rabi ban sha ba. Jiya na buɗe zan gyara ƙofar kabad, na tarar ya yi tauri. Yarona ya ce in zuba fetur. Yaya zan yi?"

Malam, da farko dai ka hana yaron nan taɓa fetur. Zai jiƙa shi, amma ba zai maido masa da danƙo ba, kuma maiƙon yana iya hana fenti kama wurin.

Kafin ka zuba komai, ka san irin wanda ke hannunka, don ba duka ne ke shan magani ɗaya ba. Shinshina. Idan warinsa ya bugi hanci kamar abin goge jan farce, kuma akwai hoton harshen wuta a jikin gwangwanin, to na sinadari ne, asiton yake so, wato ruwan sinadarin da ke narka shi. Idan ba wari sosai, kuma an rubuta cewa da ruwa ake wanke kayan aiki bayansa, na ruwa ne. Akwai kuma mai haɗi biyu, wanda yake zuwa da ɗan bututu daban. Shi wannan, da zarar an gauraya ya daskare, zance ya ƙare, babu abin da zai tashe shi.

Sai ka caka ƙusa a ciki. In ta nutse, kamar ka caka ta a tuwon da ya kwana, akwai sauran rai. Kankare ɓawon sama ka zubar, kada ka yi rowarsa, shi ne yake zama tsakuwa a cikin aiki. Na ruwa, ka ɗiga masa ruwa mai tsabta, ɗigo biyar ko shida, ka murƙushe da bakin wuƙa, ka rufe ya kwana. Gobe ka sake juyawa. Inda mutane ke ɓata shi shi ne gaggawa: sai a kwarara ruwa ya koma kunu, a shafa, ya bushe ya lotsa, ramin ƙusar ya sake leƙowa bayan an kai wa mai kaya. Na sinadari ma haka, da asiton kaɗan kaɗan, sai dai shi ya fi saurin amsawa. Yi shi a waje, nesa da gawayin shayi da mai shan sigari.

In kuwa ƙusar ta ƙi shiga, kuma na ruwa ne, ka haƙura. Danƙon da ke ciki ya riga ya haɗe, ruwa ba ya sake narka shi. Ko ka daka shi a turmi ka kwaɓa, gari ne kawai, samfefa, wato takardar goge katako, na taɓa shi zai zube. Haka in ka ji tsami ko ka ga fumfuna. Duk wanda ka farfaɗo da shi ma, gwada shi a guntun katako tukuna, ya bushe, ka kankara da farce ka gani.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce a Ali Ɗan Sofo. Ƙofar ɗakinta ce ta tsage da hunturu, za ta aika babbar kasuwa, tana son sanin ƙaramin gwangwanin mastik za ta saya ko babba, tunda babban ya fi araha.

Hajiya, ƙarami. Arahar babban gwangwani ta mai shagon da ke buɗe shi kullum ce. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga iskar hunturu da ke tsotse laimar komai, ragowar da za ki ajiye ba za ta ga baɗi ba. Asiton ma a digiri 56 yake tafasa, ki kwatanta da cikin shagon kwano da azahar. In mai sayarwa ya yarda, a girgiza gwangwanin, in kuwa na bututu ne a matsa a ji da taushi, don wani tun a kan kanta ya mutu. Kuma ki sani katako yana motsi: tsagar da ta buɗe da rani tana iya matsewa da damina ta tofar da abin da aka cusa. Doguwar tsaga ta fi son a saka mata siririn katako da gam.

Batun ajiya, ku duka biyu: a daddale saman mastik ɗin, a shimfiɗa leda ta manne masa ba iska a tsakani, a goge bakin gwangwanin tas, don busasshen da ke gefe shi ke hana murfi zama. A buga murfin, a sa a wata ledar a ɗaure, a ajiye ƙasa a ɗaki mai sanyi, gindin randa ma ya yi. Lokacin aiki a ɗebi na buƙata a kan guntun katako a rufe nan take.

Ni kam, Malam, ga ƙananan ramuka, garin katakon da samfefa ta fitar nake kwaɓawa da farin gam, daidai na aikin ranar. Launinsa ya fi kusa da na katakon, sai dai ba ya shan kala kamar sauran jikin, don haka ka fi amfani da shi inda fenti zai rufe.